Tukkun Abarshi

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka koma akurki mutane suka cika masallatai, a shekarar ne na fara yi wa yaran makarantar coci da ke Gwarzo aski. Ina tsakiyar kan wani yaro duhun ya sauko. Na tsaya da reza a hannu ina salati, su kuma malamai suka tara yara suna tasu addu'ar. A makarantar nan na ci abinci na wasu shekaru, a cikinta kuma na rasa sunana na wanzami, wanda ba a mayar mini da shi ba sai da na tsufa.

Ku samarin da kuka buɗe shagunan aski a bakin titi, da madubi da kilifa da kiɗa yana tashi, ina jin kuna cewa aski ba wani abu ba ne, wata guda ya isa mutum ya iya. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Inji ne yake yi muku rabin aikin, kuma ba ya yanka. Mu da aska muka tashi. Sunana Sule, mutumin Gude ne ni a ƙasar Kabo, kuma a hannun kawuna Malam Idi na koyi wanzanci bayan na yi nisa a makarantar allo.

Shekarar farko ban taɓa kan mutum ba. Zabira nake ɗauka, wato jakar fatar da wanzami yake zuba kayansa, in bi Kawu kasuwa-kasuwa. In ɗebo ruwa, in wanke ƙahon da ake tsotse mataccen jini da shi, in wasa aska a dutse sannan in goga ta a fata har sai ta ɗauke gashin hannuna ban ji ba. Daga nan ya ɗauko duma ya shafe shi da sabulu, ya ce in kankare kumfar kada in bar ko zane ɗaya. Duman da na ɓata a gidanmu, sai da innata ta koma ɓoye nata a rumbu. Bayan duma sai kan tsofaffi, don su ba sa motsi. Kan jariri shi ne na ƙarshe. Ranar suna za a miƙo maka ɗan mutum ɗan kwana bakwai, maɗigarsa tana bugawa a ƙarƙashin yatsanka, mata sun yi shiru a bayan zana suna jiran su ji ko zai yi kuka. Wanda bai riƙe wannan kan ba bai san aski ba tukuna.

Amma abin da Kawu ya fi nanata mini ba riƙon aska ba ne. Yakan ce, "Sule, kan mutum ba naka ba ne. Ko wa ya aiko ka, in mai kan bai sunkuyar maka da shi ba, ko iyayensa ba su ce a yi ba, mayar da askarka cikin zabira." Na ɗauka magana ce irin ta manya. Ashe a kanta rayuwata za ta juya.

Makarantar ƙarama ce, ta firamare, a bayan cocin da ke gefen gari. Mutanen kudancin Kaduna da na Filato masu koyarwa da kasuwanci a garin, su suka kafa ta don 'ya'yansu. Da aka ga yaranta suna iya karatu da lissafi, sai Musulmi ma suka fara kai nasu. In ana addu'ar safe, yaranmu sukan tsaya shiru a layinsu, ba wanda yake tilasta musu, ran Juma'a kuma a tashe su da wuri.

Wanda ya nemo ni shi ne Malam Ishaya, malamin da aka ɗora wa ladabtar da yara. Dogo ne, mai sanƙo, kullum da tsumagiya a hammata. A kasuwa ya tsaya yana kallon yadda nake yi wa wani dattijo aski, da na gama ya ce yana da aiki, amma da sharaɗi: kowane yaro da sabuwar rezarsa, ba a haɗa biyu. Na yi ta mita a raina, don hannuna ya saba da nauyin aska. Daga baya na ga gaskiyarsa, har na koma yin haka a ko'ina.

Dokokin makarantar suna rubuce da boko a jikin bango. Ya karanta mini su da Hausa, ni kuma na sa su da ajami a bayan kwalin sabulu don kada in yi kuskure. A zo kafin a buga ƙararrawa, wani tsohon wilin mota ne a rataye a darbejiya. Farce a yanke. Riga a wanke ko da ita kaɗai ce. Ba zagi, ba dambe, ba hula a cikin aji. A gaida babba ko da mai shara ne. Wanda ya makara sai tsintar shara ko kamun kunne. Tsumagiya ba ta sauka sai a kan abu uku, ƙarya da sata da cin zalin ƙarami, kuma na ga ranar da ta sauka a kan ɗan cikin Malam Ishaya a gaban kowa, ya ma ƙara masa a kan na sauran. Ran Litinin ake duba kai. Wanda gashinsa ya yi yawa a ba shi zuwa Laraba ya gyara a gida. In bai gyara ba, sai ya zo tabarmata a gindin darbejiya. Duk uban da ya kawo ɗansa ya amince da wannan tun ranar ɗauka, saboda haka askata ba ta hau kan kowa ba da izini ba.

Wata Laraba ina karkaɗe tabarma na ce masa, "Malam Ishaya, wai gashin yaro me ya tsare wa karatu?"

Ya nuna mini yaran suna shiga aji a jere. "Malam Sule, dubi layin nan. Nuna mini ɗan Alhaji, ka nuna mini ɗan mai tura ruwa."

Na duba ta baya, kawuna duk iri ɗaya, riguna iri ɗaya. Na ce ban iya ba.

"To ka gani. Haka suke a wurin Ubangiji. So nake su saba da hakan tun suna ƙanana."

Na ce, "Kai dai ka huta, Allah ya riga ya yi maka naka askin."

Ya shafa sanƙonsa yana dariya. "Shi ya sa har in mutu ba za ka ci kwabona ba."

In azahar ta same ni a can, shi yake sa a kawo mini ruwa a buta, ya tsaya ya hana yara giftawa ta gabana. Mutumin kirki ne. Ina so ku riƙe wannan kafin ku ji sauran.

Askin sunan wani yaro, Abarshi, ni na yi shi, shekaru kafin in san makarantar, a wani ƙauye gaba da Lakwaya. Ni ne wanzamin gidansu. Uwarsa Hanne ta haifi wasu kafin shi, duk ni na aske su, duk kuma da ni aka kai su makabarta kafin yaye. Shi ya sa da aka raɗa wa wannan Usmanu, sai mata suka riƙa kiransa Abarshi. Safiyar sunan, na jiƙa kan ke nan, sai na ji muryarta daga bayan zana, abin da mai jego ba ta yi.

"Wanzam, ka bar masa kaɗan a tsakiyar kai."

Na ce, "Hanne, malamai ba sa son a aske wani wuri a bar wani. Kuma gashi ba ya riƙe rai."

Ta ce, "Na sani. Ba gashin nake roƙo ba, Allah nake roƙo. Na yi alkawari ba za a taɓa shi ba sai ranar da ya sauke Alƙur'ani. Kai ma ka yi mini alkawari."

Na dubi mijinta Garba, ya sunkuyar da kai. Na ce na yi. Na kewaye wurin da aska, na bar ɗan tukku kamar faɗin kwabo.

Yaron ya rayu. Garba ne ya rasu, Allah ya jiƙansa. Hanne ta taso Gwarzo da ɗanta, ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar makarantar cocin. Abarshi yana zuwa makarantar allo safe da yamma, tsakani kuma yana taya ta, in ciniki ya lafa ya laɓe a tagar aji. Wata rana Malam Ishaya ya ba da lissafi, 'yan aji suka yi shiru, sai amsa ta shigo ta taga. Ya fito ya kamo shi da hannu, Hanne ta taso da matsami a hannu tana ba da haƙuri. Ashe ofishin hedimasta zai kai shi. Aka ɗauke shi ba kuɗin makaranta, kayan makarantar ma Malam Ishaya ne ya ɗinka masa.

Ni na riƙa gyara masa kai. Sai in aske ko'ina tas, in kitse tukkun siriri, in naɗe shi in kwantar. Malam Ishaya ya gan shi tun Litinin ta farko. Ya dubi tukkun, ya zo ya tambaye ni, na ba shi labari. Daga ranar in ya zo kan Abarshi a layi sai ya duba farce ya wuce.

Abin ya taso ne daga askin 'yan ƙwallo. Bayan wani hutu, ɗan wani babban ɗan kasuwa ya dawo an aske masa gefe da gefe an bar tsiri a tsakiya kamar na zakara. Laraba ta yi bai gyara ba, aka zaunar da shi a gabana, na sauke. Da aka yi taron iyaye, Alhajin ya miƙe ya ce yana da tambaya: doka ce a makarantar nan ko son kai? In doka ce, me ya sa ɗan mai ƙosai yake yawo da tukku? Ba shi kaɗai ba. Wata mata 'yar Filato da aka taɓa mayar da 'yarta gida saboda ƙarin gashi ta ce ita ma tambayarta ke nan. Hedimasta ya kira Malam Ishaya ya ce doka ɗaya ce, a gyara.

Na roƙi a ba ni lokaci in ga uwar. Na same ta a bakin kasko tana juya ƙosai, na yi mata bayani.

Ta ce, "Izu kaɗan suka rage masa, Wanzam. Ranar da ya sauke, da hannuna zan kawo maka shi."

Malam Ishaya ya ce zai jira zuwa ƙarshen zango, ya kuma jira, duk da maganganun da yake sha. Sai malamin allon Abarshi ya kwanta ciwo, karatu ya tsaya. Zango ya ƙare, aka dawo, tukku yana nan.

Larabar farko, na gama da yara duk sun shiga aji, sai ga Malam Ishaya ya zo da Abarshi. Ya bari sai da wurin ya zama ba kowa, don kada ya kunyata shi. Mu uku ne kawai a gindin darbejiyar.

Ya ce, "Malam Sule, yau kam."

Na ce, "Uwarsa ba ta ce ba."

"Na ba ta zango guda. Jiya na ce wa wani yaro ya yanke farce, ya dube ni ya ce sai Abarshi ya yanke nasa. In doka ta tsallake mutum ɗaya, gobe da wane baki zan hana babba dukan ƙarami?"

"Gaskiyarka. Amma ba da hannuna ba."

"Kai da bakinka ka ce mini addininku bai ce a bari ba."

"Bai ce ba. Ni na ce, a ƙofar gidansu."

Na goge hannu na fara mayar da kaya cikin zabira. Malam Ishaya ya shiga ofis ya fito da almakashin da suke yanka takarda. Ya tsuguna a gaban yaron.

"Abarshi, ka san ina ƙaunarka?"

"E, Sa."

"Ka san ba don mugunta ba ne?"

Yaron ya ɗago kai. Ya dube ni, sannan ya sunkuyar da kai. Sau ɗaya almakashin ya yi ƙara. Kitson ya faɗi a ƙasa, Abarshi ya ɗauka, ya hure ƙurar, ya sa a aljihun rigarsa.

Almakashi ba ya aski. Ya bar wani guntun gashi a tsaye, a karkace, kamar kututturen dawa bayan girbi. Yaron ya shafa wurin, ya matso kusa da ni.

"Baba Sule, gyara mini. Yara za su yi mini dariya."

Mai kan ne ya roƙa. Na kwance zabira, na ɗauko sabuwar reza, na jiƙa wurin, na aske shi tas.

Da la'asar Hanne ta zo ƙofar gidana riƙe da hannunsa. Akwai samari a zaune a dakalin maƙwabcina, da wasu dattawa da suka fito daga masallaci. Ba ta gaishe ni ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan yaron.

"Wannan aikin aska ne."

Na ce, "Aikin aska ne."

"Askar wa?"

"Tawa."

Abarshi ya kafa ido a ƙasa, ba wanda ya tambaye shi. Ku da ba ku ga lokacin ba sai in gaya muku. Shekarun nan ana ta jin labarin rikici tsakanin Musulmi da Kirista daga wasu garuruwa, zukata a kusa suke. Da na buɗe baki a gaban samarin nan na ce malamin coci ne ya sa almakashi ya yanke alkawarin saukar Alƙur'ani, ban san inda maganar za ta kwana ba. Abin da ta tambaya na amsa, kuma ban yi ƙarya ba. Sauran na haɗiye.

Ta ce, "Duk waɗanda ka aske mini na binne su. Wannan kaɗai na roƙe ka." Ta ja ɗanta suka tafi.

Kafin mako ya zagayo ta ɗaure kaskonta ta koma ƙauye wurin wanta. Malam Ishaya ya hau babur ya bi su don ya dawo da yaron, wan ya tare shi a ƙofar gida ya ce sun gode, karatun ya isa haka. Ni ma na je na gaya wa Malam Ishaya na bar aikin makaranta. Bai roƙe ni ba. Ya raka ni har bakin ƙofa.

Da bazara ta shigo, sai sanƙarau ya sauka a ƙasar nan. Ma'aikatan lafiya suka fara da makarantun cikin gari, aka jera yara aka yi musu allura, har da na makarantar coci gaba ɗaya. Ƙauyuka sai daga baya aka isa. Abarshi ya kwana da ciwon kai, gari ya waye wuyansa ya sanƙare. Kafin a samo abin hawa a kawo shi asibiti, rai ya yi halinsa a hanya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwon ya ɗauki yara da yawa a shekarar, masu tukku da marasa tukku. Da na je jana'iza na ga allonsa a jingine a zaure da rubutun da bai kai ga wankewa ba. Na tsaya a bakin zana na yi wa Hanne ta'aziyya. Na ji numfashinta a ciki, amma ba ta amsa ba.

Bayan an yi addu'ar uku, Malam Ishaya ya zo gidana da hantsi, ba tsumagiya a hammatarsa. Ya zauna a ƙasa.

"Zan je in gaya mata ni ne."

Na ce, "Ba za ka je ba."

"Ni da nake dukan 'ya'yan mutane a kan ƙarya? Malam Sule, a wurinmu in ka yi wa mutum laifi ba ka da bakin addu'a sai ka je ka same shi."

"A wurinmu ma haka ne. Amma dubi gari. Kowace unguwa an yi makoki, mutane suna neman wanda za su ɗora wa. Matarka da 'ya'yanka a bayan cocin nan suke kwana, ga yaran mutane cike da aji. Ni ɗan gari ne, iyakaci a daina kirana. Kai fa?"

Ya shafa sanƙonsa. Sannan ya ce, "Da yana makaranta da an yi masa allurar."

Na ce kwanansa ne ya ƙare.

"Na sani. Amma ni na buɗe masa ƙofa ya fita."

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Magana ta bi bakin mata daga Lakwaya zuwa Gwarzo har Gammo: Sule ya ci amanar uwar maraya saboda aikin coci, ɗanta ya mutu. Wanzami da suna yake ci, da nama da hatsi da ɗan abin da mata suke jefawa a faifai. Aka daina kirana. Sanyi ya zo, lokacin kaciya, gidajen da na yi wa iyayensu suka ɗauko wani daga nesa. Sai in shimfiɗa tabarma a kasuwar Kabo tun safe, in wasa askar da ba ta dakushe ba, in tashi da kan baƙo ɗaya ko biyu. Na sayar da kekena. Da damina na shiga ƙwadago a gonakin mutane tare da sa'o'in ɗana. Matata Asabe ta san gaskiyar, tana jin habaici a gidan biki, ta dawo ta ɗora tukunya ba ta ce uffan ba. Ɗana da nake sa ran zai gaji zabira ya ce ba zai ɗauki sana'ar da ake nuna ubansa da baki a kanta ba, ya tafi Kano. Malam Ishaya yakan aiko da masara a buhu, in karɓa, don akwai yara a gidan.

Shi ma bai koma yadda yake ba. Tsananinsa yana nan, mai makara bai fasa kamun kunne ba. Amma ya sa aka canza doka ɗaya: ba malamin da zai ƙara taɓa kan yaro. In gashi ya saɓa, a kira uwa ko uba a zauna, ko da za a yi zama goma. Duk hutun ƙarshen shekara kafin ya tafi garinsu sai ya biyo ta gidana ya ce, "Lokaci ya yi?" In ce, "Tukuna." Haka shekaru suka yi ta wucewa. Maganar ta kwanta, amma kira bai dawo ba, don kafin nan kilifarku ta cinye kasuwar. Kawu Idi ya rasu. Asabe ma ta rasu.

Bayan shekarar korona da aka rufe makarantu aka sake buɗewa, Malam Ishaya ya ajiye aiki zai koma gida gaba ɗaya. Ya zo yana dogara sanda. Wannan karon bai tambaye ni ba.

"Tashi ka kai ni wurin Hanne."

Na ce, "Ta tsufa. Kada ka tayar mata da abin da ya kwanta."

"Ni ma na tsufa. Ba zan koma garinmu da sunanka a aljihuna ba."

Muka ɗauki babura biyu da safe. Ɗan wanta ya shiga ya fito da ita zaure, ta zauna da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa. Na yi sallama, ta amsa sallamar kawai, ta kau da kai. Malam Ishaya ya cire takalmi, ya ajiye sanda, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa biyu yadda yake sa yara.

"Inna, ni ne Ishaya na makaranta. Tukkun Abarshi ni na yanke. Malam Sule ya ƙi, ya tattara kayansa. Ni na ɗauko almakashi. Abin da ya yi kawai, yaron ne ya roƙe shi ya gyara masa inda na ɓata. Malam Sule ya yi shiru ne don kada a taɓa mu."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Can ta ce, "Ya yi kuka?"

"Bai yi ba."

"Ba ya kuka." Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta riƙe ta a hannu. "Kai ne ka ɗinka masa riga."

"Ni ne."

"Tana nan. Kitson ma yana cikin aljihun." Ta numfasa. "Tashi, Malam, gwiwarka ba ta yara ba ce. Kai ka yanke gashi, ni na ɗauke shi daga inda ake allura, Mai shi ya karɓi abinsa. Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Sai da na kama shi sannan ya iya miƙewa. Ni ba ta dube ni ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige. Ranar da zai bar Gwarzo ya zo ya zauna a tabarmata ya sunkuyar da kai, na aske masa ɗan farin gashin da ya rage a gefen sanƙon. Ban ƙara ganinsa ba, sai dai gaisuwa ta waya.

Bayan an gama girbi aka aiko daga ƙauyen. 'Yar wan Hanne, wadda Hanne ta riƙe tun tana ƙarama, ta haifi namiji, ana son wanzami. Na tambayi ɗan aiken ko ya tabbata ni aka ce. Ya ce Inna ta ce Sule na Gude, in ba shi ba a bari.

Na isa an gama raɗin suna, ana rabon goro. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida. Hanne da kanta ta fito da jaririn, ta zauna a gabana, mata sun taru a bayan zana, maza suna nan ba su watse ba. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wanzam, ina kwana?"

"Lafiya lau, Inna Hanne."

"Ina gajiya? Ya hanya? Ya gida, ya yara? Ya ƙarfin jiki?"

Na yi ta amsawa. Na ɗauka ta gama, sai ta ce, "Ya haƙurin Malam Idi?"

Na ce, "Haƙuri da godiya."

"Allah ya jiƙansa. Ya haƙurin Asabe? Na ji, ban zo ba."

"Haƙuri da godiya."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mace ce mai riƙe baki."

Na ce amin. Sannan na mayar mata da gaisuwar da na bari a bakin zanan nan tun shekarar sanƙarau. "Ya haƙurin Abarshi?"

Ta ce, "Haƙuri da godiya, Wanzam. Na gode da zuwa."

Ta miƙo mini yaron. Na ɗora kansa a tafin hannuna, na jiƙa gashin da ruwan ɗumi, maɗigar tana bugawa a ƙarƙashin yatsana. Na buɗe sabuwar reza, na dakata.

"Inna Hanne, a bar wani abu?"

Ta ce, "Aske duka."

Na yi bismillah na fara daga goshi.